Tambaya da Amsa: Na'urorin Awo a Hannun Mai Jinya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, yana fama da hawan jini da ciwon sukari, ni nake jinyarsa a gida. Yayana ya kawo mana na'urar awon jini, amma kowane awo da abin da take nunawa: yanzu 150, an jima 170. Ko ta lalace ne?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Da wuya a ce laifin na'urar ne. Jini dama hawa da sauka yake yi cikin yini, kuma yawancin kuskure wajen awon ake yinsa.

Fara duba ɗamarar da ake naɗa wa a damtse. Wadda aka fi sayarwa ta damtsen da kaurinsa ke tsakanin santimita 22 zuwa 32 ce. In ta yi wa Baba kaɗan, lambar za ta haura gaskiya. A ɗaura ta a kan fata, kada a bisa hannun riga. Ya fara yin fitsari, ya zauna minti biyar ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma ban da hira har na'urar ta gama. Ki auna sau biyu, minti ɗaya a tsakani, da safe kafin shan magani da kuma yamma, har kwana bakwai, ki rubuta duka. Matsakaicin makon likita yake buƙata: in ya kai 135/85 (lambar sama 135, ta ƙasa 85) ko fiye, ki nuna masa. Amma 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko nauyin harshe, wannan sai asibiti nan take.

Na sukari kuma, ki wanke masa hannu ki busar kafin a huda yatsa, don ɗan zaƙin da ya maƙale a fata yana ɗaga lamba. Ki riƙa rufe kwalbar tsinken awo, zafi da laima suna lalata shi. In na'urar ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko 3.9 a na'urori masu ma'aunin mmol/L, kuma yana iya haɗiya, ki ba shi cokalin abinci ɗaya na sukari a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki.

Tambaya: Na ga tallar agogon hannu mai auna sukari ba tare da huda ba. In saya wa mahaifiyata?
Daga wani mai karatu

Amsa: Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe mai wannan iƙirari ba. Lambar ƙarya na iya sa a yi allurar insulin fiye da kima, sukari ya faɗi warwas.

In taimaka wa Mama kake so, ɗan maƙallin yatsa mai auna iskar oksijin ya fi amfani. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa 100. Ƙasa da 92 a kira likita. Sai dai yatsa mai sanyi da jan farce suna rikita shi, kuma wani bincike na 2020 a Jami'ar Michigan ya gano yana yawan ɓoye ƙarancin iska a masu baƙar fata. Don haka in tana haki ko ta fara sambatu, ko da ya nuna 96, a tafi asibiti.

Wayarka ma ta wadatar wajen tuna lokacin magani. In ku biyu kuke jinya, wanda ya bayar ya tura wa ɗan'uwansa saƙo a take, don kada a ba ta sau biyu.