Yara za su koma Kano, uba na Landan: wa zai riƙe karatunsu?

Wani ɗan uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Landan ya rubuto cewa shi da mai ɗakinsa sun yanke shawara ta koma Kano da 'ya'yansu biyu a hutun ƙarshen shekarar karatu, don su tashi cikin dangi su samu karatun addini. Yarinyar tana da shekara 9, tana gama aji 4 a lissafin Ingila. Ƙaninta shekara 6, yana gama aji 1. Gida yana Rijiyar Zaki, makarantar da aka yaba musu kuma, mai bin manhajar Birtaniya, tana Nasarawa GRA. Yana tambaya: waɗanne takardu za su tafi da su, kuma ta yaya zai sa ido a kan karatun daga nesa?

Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Mu fara da takardu, tunda su ne ke da wahalar samu idan an riga an hau jirgi.

Kafin makarantar Landan ta rufe a watan Yuli, ka rubuta mata wasiƙa cewa yaran za su bar ƙasar, da ranar tafiya da sunan makarantar da za su shiga. Idan kawai aka daina ganinsu, ƙaramar hukuma za ta saka su cikin jerin yaran da suka ɓace wa makaranta, a fara nemanka. A wasiƙar ka nemi rahoton ƙarshen shekara na kowane yaro, da sakamako biyu da suka dace da shekarunsu: na yaron, gwajin karatu ta sautin haruffa da ake yi a watan Yuni na aji 1, mai kalma 40 (makin wucewa ya daɗe a kan 32), na yarinyar, gwajin haddar sau da ake yi a aji 4, mai tambaya 25, har zuwa 12 sau 12. Waɗannan sun fi dogon yabon da ke cikin rahoto amfani ga sabuwar malama. Ku haɗa da jan littafin rigakafi da takardar haihuwa ta asali. Allurar shawara a yi ta tun can, aƙalla kwana 10 kafin tafiya. A Kano kuma a yi musu rajistar NIN da lambar uwa ko uba, a duba rukunin jininsu na sikila don fom ɗin makaranta kan tambaya. Ka ba uwarsu takardar amincewarka da tafiyar, da sa hannunka da kwafin fasfo ɗinka.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan yaran ba 'yan ƙasar Birtaniya ba ne, izinin zama na dindindin kawai suke da shi, to izinin yana faɗuwa idan suka yi fiye da shekara 2 a jere a waje. Idan kuma kana karɓar tallafin yara daga gwamnati, ka sanar da hukumar haraji sun tafi, kada daga baya a ce ka mayar da kuɗin.

Sai makarantar. Kalmar "manhajar Birtaniya" da ke jikin allon ƙofa ba ta tabbatar da komai. A tambaye su takardar amincewa daga hukumar jihar Kano mai kula da makarantu masu zaman kansu. Idan sun ce suna yin jarrabawar Cambridge, a tambayi lambar cibiyarsu, ko ta hannun wa suke rajistar ɗalibai. A kuma tambaya ko aji 6 na gaske suke da shi, domin da yawa a nan yaro daga aji 5 ake tsallakar da shi sakandare. Ni ban goyi bayan wannan tsallake ba. Yaran Ingila suna shiga aji 1 da shekara 5, alhali a tsarin gwamnatin Najeriya shekara 6 ne, don haka 'yarka ta riga ta kasance cikin masu ƙarancin shekaru a ajinta. In an ƙara tsallake mata shekara, za ta shiga sakandare da shekara 10.

Nisa ma a auna shi da gaske. Daga Rijiyar Zaki zuwa Nasarawa ratsa gari ne daga yamma zuwa gabas, ta Kabuga, a daidai lokacin da kowa ya fito. A gwada hanyar da ƙarfe 7 na safiyar Litinin, kada a gwada ta ranar Lahadi da hantsi. Yaro ɗan shekara 6 da ake tayarwa tun asuba ya kwana a mota, a aji zai rama barcin.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Irin wannan manhaja an gina ta ne a kan cewa akwai babba a gida da ke zama da yaro kullum. Malama za ta ba yaron ƙaramin littafin karatu daidai matakinsa, tare da littafin saƙo da ake rubuta shafin da aka kai da kalmar da ta ba shi wuya, a sa hannu. Minti 15 ya isa, amma kullum. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, jakar tana dawowa ba wanda ya buɗe ta, sai ranar Juma'a a bi duk layukan a sa hannu lokaci guda. Malama ta ga hannu ta ɗauka an karanta, ta ɗaga yaron zuwa mataki na gaba, ya fara cankar kalma daga hoto.

Matsala ta biyu malamin lesin. Ba laifi ba ne a ɗauko shi, amma idan bai san foniks ba, wato karatu ta sautin haruffa, zai koya wa yaro sunan harafi, "si, e, ti", alhali a aji ana koya masa sautin harafin ne ya haɗa da kansa. A lissafi ma haka: malama na koyar da ragi ta layin lambobi, shi kuma ya ce a yi aro daga maƙwabci. Duka hanyoyin suna kaiwa ga amsa, sai dai yaro ɗan shekara 6 ba ya riƙe biyu a tare. Mafi muni shi ne malamin da ke yi wa yaro aikin gida da kansa don a yaba masa: littafi fes, babu kuskure ko ɗaya, jarrabawa kuma ta zo ta tona asiri. Sharaɗi biyu za ka kafa kafin a biya shi: ya je ya ga malamar aji sau ɗaya a farkon kowane zango, kuma kuskuren yaro a bar shi a littafi yadda yake.

Kai kuma daga Landan ga abin da za ka iya. A fom ɗin shiga, a rubuta lambarka da imel ɗinka a matsayin uba, a kuma rubuta sunan mutum ɗaya tak da ke da ikon yanke hukunci a Kano, wato uwarsu, sannan mutum ɗaya na ko-ta-kwana. Gidan da kaka ta kira yau, kawu ya zo gobe, gwaggo ta aiko saƙo jibi, makaranta takan daina sauraron kowa. A rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaran, har da direba ko mai adaidaita sahu, da hotunansu. Lokaci ma ya taimake ka: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano ɗaya ne, sauran watannin kuma awa ɗaya kake baya. Ka ware dare uku a mako, bayan magariba ta Kano, yaron ya karanta maka littafinsa ta bidiyo, uwarsa ta ɗauko maka hoton shafin tukuna. Ranar ganawa da malamai, a kira ka a waya a ajiye a kan tebur. Zauren WhatsApp na iyaye ka shiga don sanarwa, amma ƙorafi a kan malama ba a can ake kai shi ba. Ka rubuta mata kai tsaye, in bai warware ba ka tafi ga shugaban makaranta.

Idan rahoto ya zo, kada ka fara da "na nawa ta zo?" Yawancin irin waɗannan makarantu ba sa jera ɗalibai, suna nuna ko yaro ya kai matakin da ake tsammani, ko yana ƙasa, ko ya wuce. Tambayar da ke fitar da amsa mai amfani ita ce: wane abu ɗaya ne ba ta iya ba tukuna, kuma me za mu riƙa yi a gida a kansa?

Islamiyya ita ce dalilin dawowar, don haka a tsara ta da hankali. Boko har wajen ƙarfe 2, lesin, Islamiyya daga la'asar zuwa kusan magariba, sannan aikin gida: wannan ya yi wa ɗan shekara 6 yawa, wanda ke buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A zangon farko a bar lesin gaba ɗaya, ko a zaɓi Islamiyyar Asabar da Lahadi. Uwarsu ko kawunsu ya je ya gaida malamin, ya faɗa masa yaran ba su saba da bulala ba kuma Hausarsu ba ta nuna ba, domin yaron da bai gane umarni ba sau da yawa ana ɗaukarsa mai taurin kai. 'Yar shekara 9 da aka zaunar da 'yan shekara 5 tana biya baƙaƙe za ta ji kunya. Wata 'yar uwa ta riƙa yi mata ƙari a gida har ta kamo sa'o'inta. A gida kuma a yi musu Hausa zalla. Turancinsu ba zai gudu ba, makaranta na riƙe da shi.

Lafiya: yaran da aka haifa a Turai ba su da garkuwar zazzaɓin cizon sauro ko kaɗan, kuma watannin Agusta da Satumba da za su fara zama su ne ganiyar sauro a Kano. Gidan sauro kowane dare, kuma a rubuta wa makaranta cewa duk zazzaɓi a kira uwarsu nan take a je a yi gwaji, kada a ba da farasitamol a jira tashi. Idan ɗayansu yana da asma, a ajiye abin shaƙa guda a makaranta kafin ƙurar hunturu ta fara.

Kuɗi kuwa, ka nemi jerin na shekara gaba ɗaya a rubuce, har da na littattafai, yunifom, mota, abinci da rajistar jarrabawa, da kuma wa'adin sanarwa idan za a cire yaro. Ka biya ta asusun da ke ɗauke da sunan makarantar, rasit ya zo imel ɗinka kai tsaye. Rahotannin kowane zango kuma a riƙa ɗaukar hotonsu ana adanawa, domin in yaran suka koma Ingila sakandare, ana iya neman su a wurinka.