Kuki mai alamar Secure a kan http: abin da ya kamata ka gwada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gina shafukan intanet, kuma na sanya wa kukin da ke riƙe da shaidar shiga shafina alamar Secure. A kwamfutata, inda nake buɗe shi ta adireshin localhost, komai yana tafiya daidai, amma da na ɗora shi a sabar gwaji mai amfani da http, sai ya riƙa mantawa da ni da zarar na shiga. Shin burauzar ce ta samu matsala, kuma yaya zan gwada in tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Burauzarka lafiya lau take, kuma abin da ta yi a sabar gwajin shi ne ainihin aikinta. Kuki ɗan guntun rubutu ne da sabar ke bai wa burauza ta ajiye, ita kuma ta riƙa mayar da shi a kowace buƙata domin a gane cewa kai ne ɗazu ka shiga. Idan aka sanya masa alamar Secure, an umurci burauza ke nan da kada ta aika shi sai ta https, inda ake kulle bayanan kafin su bar na'urarka. Dalilin wannan umurni ya fito fili a 2010, lokacin da aka saki wata manhaja mai suna Firesheep, wadda ke bai wa duk wanda ke kan buɗaɗɗen waifai damar kwashe kukis na mutanen da ke kusa da shi, ya shiga asusunsu na Facebook ko Twitter ba tare da ya san kalmar sirrinsu ba.

Sai dai tambayoyi uku ne a cikin wannan gwaji, kuma galibin masu koyo ta farko kaɗai suke dubawa. Ta farkon ita ce ko manhaja za ta aika kuki mai Secure ta http, kuma a nan kusan duk manhajoji sun yi ittifaƙi a kan ƙin aikawa. Ta biyu, wadda ta fi ɗaukar hankalina, ita ce ko za ta karɓi irin wannan kuki idan shafin http ne ya ba ta. Ƙa'idar RFC 6265, wato takardar da ta tsara yadda kukis ke aiki, wadda ta fito a 2011, ba ta hana hakan ba, har ma ta faɗa ƙarara cewa alamar tana kare sirrin kuki ne kawai, ba ta hana a sauya shi. Ma'ana, wanda ya tsaya tsakaninka da intanet ba zai iya karanta kukinka ba, amma zai iya ƙirƙiro amsa ta http da sunan shafin, ya dasa maka nasa kukin a madadin naka, ka ci gaba da aiki cikin asusunsa kana zaton naka ne. Saboda wannan ɓaraka ce Chrome da Firefox, zuwa shekarar 2017, suka daina karɓar kuki mai Secure daga shafin http, sannan curl, manhajar aika buƙatu zuwa sabar ta hanyar rubuta umurni, ta bi sahu a sigarta ta 7.64.0 a 2019. Tambaya ta uku tana biye da wannan: ko shafin http zai iya shafe kuki mai Secure da aka riga aka ajiye, ta hanyar aiko wani mai suna iri ɗaya amma marar alamar.

Abin da ya ruɗe ka kuwa shi ne localhost, wato sunan da kwamfuta ke kiran kanta da shi. Tun daga Firefox 75 da Chrome 89, burauzocin biyu suna ɗaukar wannan adireshi a matsayin amintacce ko da babu https, tunda bayanan ba sa fita daga kwamfutar, yayin da Safari ta daɗe ba ta bi wannan sassauci ba. Don haka gwajin da aka yi a localhost ba ya nuna komai game da abin da zai faru a wata sabar, kuma ina ganin wannan ne kuskuren da ya fi cin lokacin masu koyo a wannan fanni.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi. Ka buɗe fayil ɗin hosts na kwamfutarka, inda ake haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, ka haɗa wani suna kamar gwaji.test da adireshin 127.0.0.1, wanda ke nuna kwamfutar kanta, domin an keɓe ƙarshen .test don irin wannan aiki. Ka guji .dev, saboda burauzoci suna tilasta https a kan duk sunan da ya ƙare da shi, kuma ba za ka taɓa ganin buƙatar http ta gaske ba. Sai ka tayar da sabar guda da ke amsawa ta hanyoyin biyu, da shafi ɗaya mai ba da kuki, da wani mai nuna maka duk kukin da ya iso gare shi. Kada ka damu da bambancin lambar ƙofa (port) tsakanin http da https, domin kukis ba sa la'akari da ita. Ka karɓi kukin ta https ka nemi shafi na biyu ta http, sannan ka juya tsarin, sannan ka gwada shafe shi ta http, kana goge ajiyar burauza kafin kowane zagaye. Idan sabar tana aiko umurnin HSTS, wanda ke tilasta wa burauza amfani da https kaɗai, ka kashe shi na ɗan lokaci, in ba haka ba burauza za ta mayar da buƙatarka https a asirce, ka ga kukin ya iso, ka ɗauka ta http ya biyo.

Da curl abin ya fi sauƙin gani: zaɓin -c yana rubuta kukis a fayil, -b yana karanta su, -v kuma yana nuna maka abin da aka aika. A cikin fayil ɗin, gurbi na huɗu na kowane layi shi ne ke nuna TRUE idan kukin yana da alamar Secure. Ka yi irin wannan gwaji da duk wata manhajar da za ta yi magana da shafinka, musamman tarin lambobin da aka riga aka rubuta (libraries) na harsunan rubuta manhaja, domin wasunsu suna ƙin aika kukin ta http amma suna karɓarsa daga can ba tare da wani bincike ba.

Game da shafinka, ina roƙonka kada ka cire alamar don kawai shiga ta yi aiki, domin abin da aka cire a lokacin gwaji sau da yawa ana mantawa a mayar da shi. Ka samar wa sabar gwajin takardar shaidar https, ta kyauta daga Let's Encrypt ko wadda ka ƙirƙira da kanka, sannan ka fara sunan kukin da __Host-, wanda ke sa burauza ta ƙi karɓarsa sai yana da Secure, ya zo ta https, hanyarsa (Path) ita ce /, kuma ba a ambaci Domain a cikinsa ba.