Za mu sayar da gidan Baba a Kubwa, akwai haraji a kai?

Tambaya: Salam Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar gida a Kubwa, tun yana raye ya damƙa takardun amana a hannun ƙaninsa, wai ya riƙe har autarmu ta girma. To yanzu mun yarda a sayar a raba, sai wani ejan yace gwamnati zata ci nata a ciki. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Abuja.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Gadon kansa dai babu haraji a kai a Najeriya, amma ranar da kuka sayar akwai harajin riba, wato bambancin kuɗin da gidan ya ci da wanda kuka sayar. A da kashi 10 ne, amma sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta maida shi gwargwadon yawan samun mutum, don haka ku je ofishin FCT-IRS, wato hukumar tara haraji ta Abuja, a lissafa muku, kar ku dogara da bakin ejan.

Abinda yafi damuna shine takardu, ku buɗe akwatin Baba ku nemo takardar sayen filin da rasit ɗin siminti da kwano da kuɗin lauya, ko wanda ya koɗe kar ku yar, duk ana cirewa kafin a auna riba. Sannan Baffa mai amana ne, kuɗin ba nasa bane, ya biya bashin mamaci da wasiyya da haraji tukuna a raba. In sunan Baba ne har yanzu a C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, sai kun karɓo takardar izinin kula da gado daga babbar kotun Abuja kafin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Abuja, ta canza suna.