Tambayoyinku: Me ya sa bidiyon shirinmu na kai tsaye ke fitowa dishi-dishi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu wasu 'yan sa-kai ne, duk mako muna shiri kai tsaye a YouTube, muna nuna yadda ake ƙunsa manhaja, wato shirya ta a ƙunshi mai sauƙin girkawa, don Debian da Fedora, nau'o'i biyu na tsarin kwamfuta na Linux. Masu dawowa kallo daga baya suna kukan rubutun ba ya karantuwa, hoton kuma yana sandarewa da zarar mun sa kwamfuta harhaɗa manhajar. Da OBS Studio, manhajar naɗa da watsa bidiyo, muke aiki. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Barka kadai. Bari mu fara da sandarewar, don ita ce ta fi shafar irin shirinku. Harhaɗa manhaja, wato mayar da rubutun masu tsara ta zuwa abin da kwamfuta ke iya gudanarwa, aiki ne mai cinye ƙarfin firosesa ƙurmus. Idan kun bar OBS a kan zaɓin matse bidiyo na x264, to da wannan firosesar yake matse bidiyo. Kun ga kenan an haɗa kura biyu a kan nama ɗaya, kuma bidiyon ne ke kwana da yunwa. Ku shiga saitin fitarwa ku miƙa matsar bidiyon ga katin hoto: NVENC idan na Nvidia ne, Quick Sync idan na Intel ne, ko VA-API ga masu Linux. Idan kwamfutar ba ta da ko ɗaya, ku rage wa mai harhaɗawar hannu. Firosesa mai ƙwayoyi 8, ku ba shi 4 da umarnin make -j4. Zai ɗan ƙara jinkiri, amma dama lokacin jiran nan ne kuke amsa tambayoyin masu kallo.

Batun rubutu kuwa, kuskuren farko shi ne dogaro da kwafin da YouTube ya ajiye. Wannan an matse shi daidai ƙarfin intanet ɗinku na wannan lokacin, sannan shafin ya sake matse shi. Ku riƙa naɗar naku a kwamfuta yayin da shirin ke gudana, da saiti mai inganci na daban, daga baya ku ɗora shi. Ku tabbatar girman allon da kuke ɗauka da wanda kuke fitarwa ɗaya ne, misali 1920 da 1080, domin rage girma shi ne babban mai kashe ƙananan haruffa. Hotuna 30 a daƙiƙa sun isa har da saura. Ba wasan ƙwallo kuke nunawa ba.

Sai ku ƙara girman rubutun tagar da kuke buga umarni a ciki har ya ba ku kunya. Gwajin da nake yi shi ne in naɗi minti ɗaya, in tura wa wayata, in riƙe ta a kwance. In sai na kanne ido kafin in bambance 1 da l a cikin fayil ɗin spec, mai ɗauke da umarnin ƙunsa manhaja a Fedora, to bai isa ba. Ku kuma guji jan rubutu ko shuɗi mai duhu a kan baƙin fage. Tsarin matsar bidiyo yana rage bayanan launi fiye da na haske, shi ya sa saƙon kuskure, wanda shi mai koyo ya fi buƙatar gani, yake fitowa kamar an shafa shi da yatsa.

Wani abu da ba ku tambaya ba: ku naɗa a tsarin fayil ɗin bidiyo na MKV. MP4 na gargajiya sai a ƙarshe yake rufe kansa, don haka in kwamfuta ta ɗauke ana tsaka da shiri, aikin awa biyu na iya bin ruwa. OBS na iya mayar da MKV zuwa MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da inganci ya ragu ba.

Tambaya: Muryar abokin gabatarwata tana danne tawa, ga ƙarar madannai. Sai mun sayi sabon makirufo?

Amsa: Ba lallai ba, 'yar'uwa. Ki matso da wanda kike da shi kusa da baki, kamar tazarar tafin hannu, ki ɗauke shi daga teburin da kike bugu a kai. Kowa ya sa iyafis don kada murya ta riƙa dawowa. OBS yana da matatar hayaniya ta RNNoise, kuma yana ba da layukan sauti har 6. Ki ba kowane mai magana nasa, sai ki daidaita su daga baya a manhajar gyaran sauti ta Audacity.

Tambaya: Akwai haɗari in na nuna allona gaba ɗaya?

Amsa: Akwai sosai, musamman ga mai ƙunsa manhaja, wanda kwamfutarsa ke ɗauke da mabuɗin sirri na GPG, wanda yake sa wa manhajarsa hannu da shi, da lambobin sirrin ɗora kaya a rumbun manhajoji. Ka ɗauki taga ɗaya kawai, ka buɗe wani asusu na daban a kwamfutar don shirin, wanda tarihin umarninsa babu komai. Idan kuma wata lambar sirri ta gifta ko na daƙiƙa ɗaya ne, ka soke ta nan take, kada ka jira sai ka yanke wurin, domin mai kallo na iya tsayar da hoton ya kwafe ta.