Filin Tambaya da Amsa: Aikin Awon Gani, Inda Ake Koyonsa da Abin da Yake Buƙata

Assalamu alaikum. Bana na samu BAC seri D. Ina son aikin ido, amma duk wanda na tambaya sai ya ce in karanta likitanci. Babu wata hanya sai wannan? Daga ɗalibi a unguwar Birni, Damagaram.

Wa alaikumus salam ƙanenmu, barka da arziki. Hanya ba ɗaya ba ce, don kula da ido sana'o'i ne daban-daban. Likitan ido sai ya gama cikakken likitanci, shekara 7 ko fiye, a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ya ƙara shekara 4 yana ƙwarewa. Shi ke yin tiyatar yanar ido. Akwai ma'aikacin jinya da ya ƙware a kan ido, wanda kan fara daga makarantar kiwon lafiya irin ENSP ta Damagaram, ya yi aiki, daga baya ya je ƙarin karatu. Akwai optisiyan, mai yanka gilashi ya ɗora shi a kan firam. Sai optometiris, mai awon gani: ya auna ido, ya rubuta lambar gilashi, ya gano cuta tun tana ƙarama, ya tura ta inda za a yi maganinta.

In na ƙarshen nan kake so, wurare biyu za mu nuna maka. Cibiyar IOTA da ke Bamako, wadda aka kafa a 1953, tana horar da likitocin ido da ma'aikatan jinyar ido da masu awon gani, kuma da Faransanci take koyarwa, ka ga ba ka da matsalar harshe. Na biyu Najeriya: Jami'ar Benin ce ta fara wannan karatu a can, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashensa, ga ta kusa da gida. Karatun shekara 6 ne, da shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manya kafin a ba ka lasisi. Amma da Ingilishi ake yi, kuma Ingilishin fizik ba na gaisuwa ba ne. Ka ba shi shekara guda kafin ka nemi gurbi. Kada ka biya wa kowace makaranta ko dala sai ka tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi za ta amince da takardarta idan ka dawo.

Ka kuma auna kanka. Rabin karatun nan ilimin haske ne da lissafi, rabi kuma sanin jikin mutum. Wanda SVT (darasin ilimin halittu) kaɗai yake so, yana gudun fizik, zai sha wuya tun shekarar farko.

Ina koyon aiki a shagon tabarau. Sau da yawa mutum ya karɓi gilashinsa, bayan kwana uku ya dawo yana kukan ciwon kai, ko ya ce ƙasa ta karkace masa. Mu kuwa lambar da na'urar awo ta fitar muke bi. Ina matsalar take? Daga wani matashi a Zango.

Ka riga ka faɗe ta da bakinka, ɗan'uwa. Na'urar nan mai kwamfuta ƙiyasi take bayarwa, daga nan ake fara awo. Idon matashi yana da ƙarfin matse kansa idan ya kalli abu a kusa, to yana leƙa cikin na'ura sai ya matse, ita kuwa ta fitar da lambar ragi, wato mai alamar −, fiye da yadda yake buƙata. Mai −1.00 sai a rubuta masa −1.75. Zai ga rubutu tsaf a shago, ya yi murna, da la'asar kai ya sara.

Ga yadda ake yi. A zaunar da mutum mita 5 daga allon awo, ko mita 6 in allon Ingilishi ne, a gwada kowane ido shi kaɗai. Wanda bai yi boko ba a sa masa allon E, ya nuna da yatsu inda ƙafafun suka fuskanta. In bai kai 10/10 ba, wato cikakken gani, a sa masa baƙin faifai mai ɗan huji. Gani ya ƙaru? Gilashi zai taimaka. Bai ƙaru ba? A yi zaton cuta, a tura shi asibiti. Daga nan a ɗauki retinoskop, fitilar hannu da ake haska ido da ita don gano lambar gilashi, a ɗaki mai duhu, kuma a tuna a cire lambar tazarar hannu: 1.50 in kana santimita 67 daga idon, 2.00 in kana santimita 50. Masu koyo da yawa a nan suke faɗuwa. Sannan a sa firam ɗin gwaji, a riƙa canza gilashi da 0.25, a tsaya a kan mafi ƙarancin ragin da ya ba da gani mafi kyau. Yaro kuwa ba a yarda da awonsa sai ma'aikacin lafiya ya ɗiga masa maganin da ke kwantar da matsewar idon, irin siklopentolat kashi 1 cikin 100, an jira wajen minti 40.

Ko lamba ta yi daidai, gilashi yana iya ɓaci a wurin yanka. Kowane gilashi yana da cibiya, kuma dole ta zauna daidai ƙwayar ido. Tazarar ƙwayoyin idon babban mutum ta fi yawa tsakanin milimita 58 da 68. A auna ta da rula, kada a yi ta da ka. Gilashin −5.00 da cibiyarsa ta kauce da milimita 4 yana ture hoto da santimita 2 a kowace mita guda, idanu su yini suna kokawar haɗa hoto biyu. Ƙasa mai karkacewa kuwa yawanci kusurwar silinda ce ta juya, wato ɓangaren lambar da ke gyara gani ta fuska ɗaya kawai. A kula kuma da sauya rubutu: +1.00 da silinda −2.00 a kusurwa 90 daidai yake da −1.00 da silinda +2.00 a kusurwa 180. Wanda ya canza alama ya manta kusurwa ya lalata aikin. Kafin a miƙa tabarau, a mai da shi kan na'urar karanta gilashi a gwada shi da takardar.

Abu ɗaya da muke roƙonka: ka tambayi kowa ko yana da ciwon suga. Idan suga ya hau, lambar ido tana canzawa, gilashin yau ba zai yi ba bayan wata guda. Sai sugan ya daidaita a auna.

Ƴata ta nace sai wannan karatu. Ni dai tsorona kada ta gama ta zauna babu aiki. Akwai abinci a cikinsa? Daga wani uba a Magarya.

Akwai, Alhaji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki da an iya hana tasu ko ba a kula da ita ba tukuna. Ba sai an je nesa ba ma. Duk wanda ya haura shekara 40 karatun kusa yana fara yi masa wuya: tela ya kasa zura allura, baduku ya kasa bin layin ɗinki, malami ya riƙa nisanta Alƙur'ani daga fuskarsa. Ƙarin +1.00 a farko, ya hau zuwa +2.50 wajen shekara 60, ya mai da mutum bakin sana'arsa. Ga ƴan makaranta da ake yi wa kallon daƙiƙai, alhali allo ne ba sa gani. Kuma mace a wannan aiki tana da ƙofar da namiji ba shi da ita, don tana shiga gidajen da matan ciki ba sa fita zuwa awo.

Za ta iya aiki a asibiti, ko a ayyukan Shirin Kula da Lafiyar Ido na Ƙasa, ko ta buɗe wurinta da izinin ma'aikatar lafiya. Kayan farawa ba su da yawa: allon awo, akwatin gilasan gwaji da firam ɗinsa, retinoskop, fitilar duba cikin ido, na'urar karanta gilashi, da rula. A ƙasarmu mai ƙura, a rufe su da marfi kullum, a kuma zaɓi masu batir. Shawararmu kada ta yi gaggawar buɗe shago. Ta yi shekara biyu ko uku a asibiti tukuna. A can za ta saba da cututtukan da gilashi ba ya warkarwa, musamman hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe babu zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Matsin ido na lafiya tsakanin 10 ne da 21 a ma'aunin mmHg. Mai awon da ya sayar wa irin wannan mutum tabarau ya sallame shi ya cuce shi.

Ni kaina tabarau nake sawa, −4.00. Za a karɓe ni? Daga ɗaliba a Mirya.

Za a karɓe ki, ƙanwarmu. Abin da ake so shi ne ki gani sosai da tabarau ɗin a fuskarki. Ki dai sa a gwada miki rarrabe launi da ganin zurfi da ido biyu kafin ki tafi, don za ki buƙace su wajen duba cikin ido.