Yadda za a zaɓi malamin yoga a birnin Maisur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta karatun haɗa magunguna a birnin Maisur na ƙasar Indiya. Wata shida ke nan ciwon ƙugu yana damuna saboda yawan zama, kuma likitan da ya duba ni ya ce ƙashina lafiya yake, motsa jiki nake bukata, har ya ambaci yoga. A unguwar Gokulam, kusa da inda nake haya, kullum da asuba ina ganin baƙi daga ƙasashe dabam-dabam rungume da tabarmin roba suna shiga gidajen koyon yoga, kuma kusan kowane layi akwai allon wani malami. Ta yaya zan gane na kirki, kuma yaya zan yi da addinina da suturata?

Daga wata 'yar Katsina, Maisur.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah Ya ba ki lafiya, Ya kuma ba da sa'ar karatu. Kin kyauta da kika fara da likita kafin ki nemi malami, domin wannan shi ne matakin da mutane da yawa suke tsallakewa.

Yawan allunan da kike gani yana da asali. A shekarun 1930 Sarkin Maisur na lokacin ya ɗauki nauyin wani malami mai suna Krishnamacharya, ya ba shi wurin koyarwa a ɗaya daga cikin gidajen sarauta, kuma daga hannunsa ne manyan malaman da suka kai yoga ƙasashen Turai da Amurka suka fito. Ɗaya shi ne Iyengar, wanda ya koma birnin Pune da zama. Ɗayan kuma Pattabhi Jois ne, wanda ya zauna a Maisur, ya buɗe makarantarsa a cikin gidansa a 1948, ya mayar da ita Gokulam a 2002, ya rasu a 2009. Salonsa da ake kira Ashtanga shi ne ya cika unguwarku da baƙi, kuma akasarin gidajen da suke kiran kansu shala, wato makaranta, shi suke koyarwa.

Abin da nake so ki sani tun farko shi ne, shaharar wannan salo ba ta nufin shi ne ya dace da ƙugunki. Idan kika leƙa ajinsu da sassafe, ba za ki ji malami yana ba da umarni ba. Ɗaki ne cike da mutane kowa a kan tabarmarsa, babu abin da ke tashi sai sautin numfashi, kowa yana bin jerin motsin da ya haddace, gumi yana ɗiga, malami kuma yana zagayawa yana danna bayan wannan, yana jan hannun wancan don ya ƙara lanƙwasa. Kwana shida ake yi a mako, kuma farkon jerin cike yake da sunkuyo gaba da tsalle-tsalle. Mafi yawan waɗanda kike gani da asuba sun shekara da shekaru suna yi a ƙasashensu kafin su zo. Ke da kike da ciwo kuma ba ki taɓa yi ba, ki nemi ajin 'yan koyo mai tafiya a hankali, musamman irin na tsarin Iyengar, inda ake amfani da bargo da ɗamara da kujera da tubalin katako don a tallafi jiki maimakon a tilasta shi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sanya yoga a 2017 cikin hanyoyin da za a gwada don ciwon ƙugu mai daɗewa kafin a koma ga magani, amma wannan ba izini ba ne na yin kowane irin motsi.

Takardar shaida kuwa kada ta ruɗe ki. Za ki ga wasu sun rubuta RYT 200 a allonsu, abin da yake nufi kawai shi ne sun yi kwas na awa 200, wanda wasu ke kammalawa cikin wata guda, sun yi rajista da wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka. Gwamnatin Indiya ma tana da hukumar ba da shaidar malaman yoga a ƙarƙashin AYUSH, ma'aikatar da ke kula da magungunan gargajiya da yoga. Duka biyun ba sa mayar da mutum likita. Abin da zai nuna miki malamin kirki shi ne abin da zai yi idan kika ce masa ƙugunki yana ciwo. Wanda ya zaunar da ke ya tambayi tun yaushe, a wane gefe, ko ciwon yana sauka ƙafa, da abin da likita ya ce, sannan ya faɗa miki motsin da za ki bari, wannan ya san aikinsa. Wanda ya ce ki daure, ciwon alamar jiki yana buɗewa ne, ko ya yi miki alkawarin warkewa cikin mako biyu, ki naɗe tabarmarki ki fita.

Maganar taɓa jiki ita ce ta fi damuna, kuma ba zan ɓoye miki ba. Bayan rasuwar Pattabhi Jois, mata da dama daga cikin tsofaffin ɗalibansa sun fito sun ce ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara musu motsi, kuma a 2019 jikansa Sharath, wanda ya gaje shi, ya amince a fili cewa ya ga irin wannan, ya nuna takaicinsa. Idan hakan ta faru a gidan da ya fi kowane suna, to, girman suna ba kariya ba ne. Ki nemi malama mace, akwai su a birnin, kuma ko ita ɗin ce kina da hakkin cewa ta gyara miki da baki kawai. Ki tambaya ko akwai ajin mata zalla, ki kuma faɗa musu tun ranar farko cewa da dogon wando mai faɗi da riga mai dogon hannu da ɗankwali za ki riƙa zuwa. Babu motsin da ƙugunki yake bukata wanda wannan sutura za ta hana.

Batun addini kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba, domin yoga ta taso ne daga al'adun addinan Indiya. A ajin Ashtanga ana buɗewa da wani yabo cikin harshen Sanskrit ga malaman farko da Patanjali, tsohon malamin da ake jingina wa babban littafin yoga, ana faɗin Om, kalma mai tsarki a addinin Hindu, sannan a fara da jerin motsin da sunansa ke nufin gaisuwa ga rana. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda irin waɗannan abubuwa, majalisar malaman Indunusiya kuma a 2009 ta haramta wadda ta ƙunshi yabo da ibadar Hindu, ta bar wadda take motsa jiki zalla. Ita kanta gwamnatin Indiya, lokacin bikin ranar yoga ta duniya na farko a 21 ga Yunin 2015, ba ta saka gaisuwar rana a jerin da ta tsara ba. Saboda haka ki nemi izinin zama a gefe ki kalli aji guda daga farko har ƙarshe kafin ki biya ko sisi, ki ga abin da ake faɗa da abin da ake rusunawa gare shi, sannan ki kai wa malamin addinin da kika amince da shi bayanin abin da idonki ya gani.

Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki koma wurin likitanki ya tura ki sashen gashin ƙashi, inda za a koya miki miƙe jiki da ƙarfafa tsokar ciki da ta baya ba tare da wani yabo ba. Kuma ko wace hanya kika bi, duk ranar da kika ji ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko riƙe fitsari ya gagara, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ki dakatar da komai ki tafi asibiti a ranar.