Gidan Magina Bayan Rasuwar Maigida: A Sayar Da Kaya Ko A Riƙe Kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakanmu maginin ƙasa ne a Argungu. Mahaifinmu ya gaje shi, ya koma ginin siminti, har ya yi rajistar kamfani yana samun kwangilar azuzuwa da ɗakunan shan magani. Bara Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mu mu tara da iyayenmu mata biyu. Ni kaɗai nake bin sa wurin aiki. Yanzu 'yan'uwa sun ce a sayar da tifa da injin buga bulo a raba kuɗin. Shin haka gidajen magina ke ƙarewa a hannun jikoki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya haɗa kanku.

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, domin na shafe shekaru a wannan sana'a ina ganin gidaje irin naku suna watsewa bayan sadakar arba'in. Amma ba dole ba ne a ƙare haka. Bari mu fara duba abin da kowane mutum ya bar wa na bayansa a gidanku.

Kakanku bai bar tifa ba. Jarinsa yana cikin kansa da tafin hannunsa. Ya san ramin da ake ɗibar ƙasa mai danƙo, ya san kwana nawa za a bar kwaɓi da ciyawa ya ruɓa kafin a mulmula tubali, ya san azarar namijin giginya da gara ba ta cika ci ba. Tunda azara ɗaya ba za ta haye faffaɗan soro ba, sai a ɗaure su a jere a tayar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke rufi, a haɗa ɗaurin guga, wato mahaɗar bakunan, a tsakiya. Daga nan a kawo makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a shafe bango don ruwan damina ya zame. Aikin rani ne, ana gama shi kafin hadari ya taso. Wannan ilimi a kan bango ake koyon sa: yaro ya fara da cilla wa ubansa tubali daga ƙasa, sai bayan shekaru a bar shi ya hau. Shi ya sa sana'ar take bin gida, har sarakuna suka yi mata sarautar Sarkin Magina. A Zariya, zuriyar Babban Gwani, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a a ƙarni na 19, sun ci gaba da riƙe sunan. Ku ma a Kabi ba baƙin gini ba ne. Ganuwar Surame, tsohon birnin Kabi na zamanin Sarki Kanta, a ƙarni na 16, har yau kufanta na nan, kuma tsohuwar fadar Argungu da sarakuna suka zauna ciki har 1942 ita ce ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958.

Irin wannan gado ba ya rabuwa a gaban alƙali. Ɗa biyar za su iya ɗaukar sa duka, babu wanda ya rage wa wani.

Zamanin mahaifinku ne ya sauya lissafin. Masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a shekarun 1960, shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976 ana neman azuzuwa a kowane ƙauye, aka kuma ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta buƙaci ofisoshi da gidajen ma'aikata. Maginin da ya yi saurin koyon bulo da rodi da kwano ya zama ɗan kwangila. Daga nan jari ya koma abin da ake gani da ido, ake yi wa kuɗi, kuma ake iya rabawa.

To ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Tifar da ta sha hanya da tsohon injin bulo, in an kai su kasuwa, kuɗinsu ba zai kai yadda 'yan'uwanka ke zato ba, balle an kasa shi tsakanin mutum goma sha ɗaya. Abin da ya fi su tsada shi ne sunan kamfanin, da takardun shaidar kammala ayyukan baya, da shaidar biyan haraji ta shekara uku da ake nema wurin kwangilar gwamnati, da dilan simintin da ke ba ku buhu ɗari bashi saboda mutuncin Baba. Ranar da aka rufe kamfanin, duk wannan ya bi ruwa, babu magajin da zai samu ko kwabo daga ciki.

Kada ka ɗauka ina cewa a danne haƙƙin kowa. 'Yan'uwanka suna da gaskiya da suke neman rabonsu, kuma jinkirta gado ba dalili zalunci ne. A fara biyan bashin mamaci, har da kuɗin leburori da birkiloli in akwai saura, a zartar da wasiyya in ya bari, a fitar wa iyayenku tumunin takaba, sauran a raba, namiji rabon mace biyu. Sai dai shari'a ba ta ce lallai sai an sayar da tifa ba. Ana iya kiran masani ya yi wa komai kuɗi, kowa ya san kasonsa, a mayar da kason hannun jari. Wanda ke son kuɗinsa a hannu, sauran su saye rabonsa da yardarsa, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, a rubuta a gaban shaidu.

Kafin wannan, ɗauko takardar rajistar ka duba. In sunan kasuwanci kawai Baba ya yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, to a idon doka shi da kasuwancin abu ɗaya ne, kuma za ku buƙaci lauya ya shirya muku sabon tsari. In kuwa cikakken kamfani ne mai hannun jari, yana nan da ransa bayan mai shi, hannun jarin ne kawai zai koma sunayen magada.

Kai kuma, tunda kai ne a wurin aiki, nauyin ya fi yawa a kanka. Na taɓa ganin wani gida inda babban wa ya riƙe komai shekara shida, kuɗin kwangila da kuɗin cefane duk a aljihu ɗaya, ƙannensa mata ba su taɓa ganin lissafi ba. Ba ɓarawo ba ne, amma zargi ya shiga, aka ƙare a kotu, injin kwaɓa siminti ya yi tsatsa a ƙofar gida ana jiran hukunci. Don haka ka yanka wa kanka albashi sananne da yardarsu, asusun kamfani ya zama daban, duk ƙarshen shekara a zauna a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, 'yan'uwa mata da iyayenku suna wurin.

Sannan ka je ka gaida tsofaffin birkilolin Baba tun kafin zaman gado. Su suka san zurfin da ake haƙa tushe a ƙasar fadama, su suka san wanda ke bin ku bashi da wanda kuke bi. In akwai mai sauran ilimin tubali da makuba a cikinsu, ka haɗa shi da yaro ɗaya daga gidanku a ranin bana.